In Ka Gaji Rabo a Shagon Tarayya



Yau maganarmu kan abin da ba a son tunawa ne, amma ba gidan da ba ya shiga. Mutum ya rasu. An kai shi makwancinsa, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, masu gaisuwa sun watse. Sai a tuna marigayi yana da shago a Kasuwar Dole, kuma shagon ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi da wani suka haɗa jari, shekara da shekaru suna juyawa tare. Yanzu an ce kai ne babban ɗa. Ko kuwa ke ce matarsa, kina da tumuninki. To, me kuka gada?

In gona ce, sai a ja igiya a auna. In awaki ne, a ƙirga a raba. Rabon tarayya ba haka yake ba. Ba ka iya shiga shago ka ce buhun nan na babana ne, wancan na abokinsa. Kowane buhu na su biyu ne. Kowane bashi ma na su biyu ne. Abin da ya faɗo maka lissafi ne, lissafin kuwa yana kwance cikin takardu: na banki, na haraji, da littafin shago. Da can sai ka ɗauki takarda ka kai wa wani, ya karanta maka abin da ya ga dama. Yanzu ka iya haɗa baƙi. Ga inda karatun naka zai yi maka rana.

Kada ka ɗauka rubuta lissafi sabon abu ne da Nasara ya zo da shi. Tun zamanin Sarki Tanimu, cikin shekarun 1850 zuwa 1880, fataken Damagaram suna hulɗa da Larabawan Gadamas da na Tarabulus. A karɓi kaya bashi, a biya da fatu da gashin jimina bayan watanni. Malam Yaro, babban attajirin nan na Zango, da irin wannan ciniki ya yi suna. Ciniki mai nisa haka da wasiƙa ake riƙe shi. Kuma ka tambayi malaminka: ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

Tara takardu tun ba su watse ba

Wannan shi ne aikin farko, kuma ba ya jiran sadakar arba'in. A duba akwatin marigayi, da aljihun rigunansa, da ƙarƙashin katifa, da akwatin kuɗi na shago. Duk takardar da aka gani a ajiye ta, ko da ta tsufa, ko da Faransancin da ke ciki ya fi ƙarfinka. Littafin cek, katin banki, rasiɗin haraji, rasiɗin kuɗin rumfa, takardar ƴan duwan ta kayan da suka shigo ta Ɗan Barto, rasiɗin aika kuɗi na Nita ko Al Izza, har guntun kwalin da ya rubuta suna da lamba a kai. Wayarsa ma takarda ce. Kada a ba yaro ya yi wasa da ita, kada a sayar da layin. Wataƙila akwai kuɗi a ciki, akwai kuma saƙonnin masu bashi.

Kada ka yi wannan bincike kai kaɗai. Kira mutum biyu su zauna. In gidan mata biyu ne ko uku, kowane ɗaki ya kawo wakilinsa. Ɗauki bik da sabon littafi, ka rubuta kwanan wata a sama, ka jera takardun da aka samu ɗaya bayan ɗaya, shaidu su sa hannu. Na san za ka ji nauyi, kamar kana zargin ƴan uwanka. Ba zargi ba ne. Kanka kake karewa, don gobe kada a ce kai ka ɓoye wani abu.

Wata baiwar Allah da ta yi karatu a ajina ta ba ni labari. Mijinta ya rasu ya bar kwali guda cike da takardu. A lokacin ba ta iya karatu ba. Ta ba yara suna ƙunsa gyaɗar talla da su. Da aka zo lissafi, wani mai kaya ya ce yana bin shagon kuɗi. Abokin mijin ya rantse an biya, har an karɓi rasiɗi. Ina rasiɗin? Ya bi gyaɗa. Sai da suka sake biya. Ta ce abin da ya kawo ta makarantar yaƙi da jahilci ke nan.

Takardun da ke buɗe ƙofa

Banki bai san ka ba. Ofishin haraji ma bai san ka ba. Ko da duk Birni da Zango sun shaida kai ɗan marigayi ne, sai ka nuna takarda.

Ta farko ita ce takardar mutuwa. A ofishin meri ake yin ta, wurin da ake yin takardar haihuwa. In a asibiti aka rasu, a karɓi shaidar likita a tafi da ita. Doka ta yanke wa'adin kai labari. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali kafin a samu, ga ɓata lokaci ga kashe kuɗi. Don haka a gaggauta.

Daga nan sai kotu. Dangi su je da shaidu, a yi abin da ake kira taron iyali. A rubuta sunan kowane magaji, a zaɓi mutum guda ya zama wakili, a faɗi wanda zai riƙe marayu. Takardar da kotu za ta bayar, ita ce za ka nuna a banki da ofishin haraji. Kafin ka bar wurin, karanta sunayen da kanka. Ka tabbata ba a manta da kowa ba: ƴar da ke aure a Magarya, ɗan da ke ci-rani a Libiya, har cikin da ba a haifa ba a ambace shi. Ka kuma duba ko sunan marigayi ya zo daidai da yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa. Harafi ɗaya ya sha bamban, sai a maido ka daga banki.

Wani zai ce, ai mu a gaban malamai muke rabon gado, ko a fada. Haka ne, kuma yana da kyau. Dokar Nijar ta yarda a bi al'adar mutane a sha'anin gado, mu kuwa tamu ita ce ta Musulunci. Ko a kotu, alƙali yana zama da masana al'ada a gefensa. Sarakuna ma doka ta ba su ikon sasanta mutane. Amma banki takardar kotu yake nema. Ka yi na malamai, ka yi na kotu, ɗaya ba ya hana ɗaya.

A yi kwafi da yawa na waɗannan takardu, a kai a buga musu hatimi. Ta asali kuwa kada ta kwana a hannun kowa.

Wace irin tarayya ce?

A nan sai ka natsu, don nan ne mutane ke faɗawa rami.

Akwai dokar kasuwanci guda da ƙasashe 17 na Afirka suke bi, har da Nijar. Sunanta OHADA. An sa hannu kan yarjejeniyarta a 1993. Sashen da ya shafi kamfanoni ya fara aiki a 1998, aka sabunta shi a 2014. Ita ce ke faɗin abin da zai faru in ɗaya daga cikin masu tarayya ya rasu.

Duba takardun shagon da hatiminsa. In ka ga haruffa huɗu, S A R L, to kamfani ne mai iyakar asara. Rabon marigayi yana wucewa kan magadansa, sai fa in takardar kafa kamfanin ta ce sai sauran sun yarda. Kuma in kamfani ya karye, jarin da aka zuba ne kawai ke tafiya. Ba a taɓa gidanka, sai in marigayi ya sa gidan jingina ko ya tsaya wa bashin da kansa.

In haruffa uku ka gani, S N C, magana ta canza. A irin wannan, kowane abokin tarayya yana ɗauke da bashin kamfani gaba ɗaya, da duk abin da ya mallaka. Mutuwar mutum guda tana kashe kamfanin, sai in an rubuta tun farko cewa za a ci gaba. In waɗanda suka rage za su ci gaba ba tare da magada ba, dole su sayi rabon marigayi su biya. In da magada za a ci gaba kuma akwai yara ƙanana cikinsu, bashi ba ya wuce abin da yaran suka gada, kuma cikin shekara guda sai an sake wa kamfanin tsari.

Amma mu faɗi gaskiya. Yawancin tarayyar da ke Kasuwar Dole ba S A R L ba ce, ba S N C ba ce. Magana ce ta baki da fatiha. Wa da ƙane, ko aminai biyu, wannan ya kawo kuɗi, wancan ya kawo kuɗi da ƙarfinsa. Kada ka ce tunda ba takarda, doka ba ta san da ita ba. Ta sani. In rigima ta kai gaban alƙali, ya tabbatar mutanen nan tarayya suke yi, to hukuncin S N C ne zai hau kansu. Ka ji inda haɗarin yake? In ka shiga shagon ka zauna kan kujerar babanka, kana saye kana sayarwa ana raba riba da kai, ka zama abokin tarayya ke nan. Bashin da abokin zai ci gobe yana iya biyo ka har gida. Saboda haka kada ka zauna kan kujerar nan sai an yi lissafi.

Abu guda kuma. In marigayi ya yi rajistar kasuwanci da sunansa, za ka ga haruffa R C C M da lamba a takardunsa. Doka ta ba magada wata 3 daga ranar rasuwa su je wurin magatakardar kotu, a soke rajistar, ko a gyara ta in za su ci gaba. Ke ƴar uwa, lura da wannan. Takabarki wata 4 ce da kwana 10. Wa'adin zai cika kina cikin ɗaki. Don haka tun da wuri ki san wanda aka naɗa wakili, ki riƙa tambayarsa inda aka kwana.

Banki

Da banki ya sami labarin rasuwa, sai ya rufe asusun da ke da sunan marigayi shi kaɗai. Ba mugunta ba ce, tsare haƙƙin magada ne. In marigayi ya taɓa ba wani izinin ciro masa kuɗi, izinin ya mutu tare da shi. Wasu sukan ce, bari mu yi sauri mu cire da kati kafin banki ya ji. Kada ka yi. Na'ura tana rubuta rana da sa'a. Ranar lissafi za a ga an cire kuɗi bayan an binne mai su, kuma ba ka da bakin magana gaban ƙannenka.

Abin tambaya shi ne, kuɗin shago da sunan wa aka ajiye su? In da sunan kamfani ne, asusu ba ya mutuwa, sai dai a sake mai sa hannu. In da sunan su biyu ne, a tambayi banki yadda aka buɗe shi: ko kowa yana iya cirewa shi kaɗai, ko sai hannu biyu sun haɗu. In na farkon ne, wakilin magada ya kai takarda ya nemi a dakata har a yi lissafi.

Amma sau da yawa da sunan mutum guda ne. In na marigayi ne, banki zai ɗauka duk kuɗin nasa ne, ya miƙa wa magada. Kai kuwa ka san rabin na abokinsa ne. Takarda ta ba ka, amma Allah bai ba ka ba. Fitar masa da nasa. In kuma da sunan abokin ne, banki ba zai nuna maka kome ba, don sirrin mai asusu ne. Sai ka roƙi abokin ya karɓo takardar ya shimfiɗa a gaban shaidu. Mutumin kirki ba zai ƙi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya ƙi, alƙali yana da ikon sa a kawo ta.

Takardar da nake nufi ita ce ta shige da ficen kuɗi, wadda ma'aikatan banki ke ce wa rilebe. Nemi ta shekara guda kafin rasuwa, har zuwa ranar da kake nema. Ba ta da wuyar karatu in ka san kalmomi uku. A sama za ka ga Débit: kuɗin da suka fita ke nan. Za ka ga Crédit: kuɗin da suka shiga. A ƙasa za ka ga Solde: abin da ya rage. Ka kula, mu a kasuwa in an ce kiredi, bashi muke nufi. A takardar banki ba haka ba ne. In ragowar tana gefen Crédit, kuɗinku ne. In tana gefen Débit, banki ke bin ku.

Ga wani tarko da ke kama sabon mai karatu. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma, wato faran. Dala ɗaya tamma 5 ce. In ka ga an rubuta 500 F, dala ɗari ke nan. In ka ga 1.000 F, jikka guda ce. In ka ga 250.000 F, rufe sifiri ukun ƙarshe da yatsa, abin da ya rage shi ne yawan jikkuna: jikka 250. In wani yana karanta maka lamba da baki, ce masa ya nuna maka da yatsa a takarda.

Bi layukan ɗaya ɗaya. In ka ga kuɗi iri ɗaya suna fita kowane wata, wataƙila bashin banki ne ake biya. Tambayi nawa ya rage. Sannan ka yi tambayar da mutane da yawa ba su san da ita ba: bashin nan yana da inshorar mutuwa? Sau da yawa bankuna suna haɗa bashi da inshora, ta yadda in mai bashi ya rasu, kamfanin inshora ne zai biya ragowar. In akwai, a kai takardar mutuwa da wuri, don su ma suna da wa'adi.

Kada kuma a bar asusu kwance a ce sai yara sun girma. A ƙasashen da ke amfani da sefa irin tamu, asusun da ya shekara 10 ba wanda ya taɓa shi ko ya neme shi, ana kwashe kuɗin a kai babban banki, wato BCEAO. Magada suna iya nema a can. In an cika shekara 30, sun zama na baitulmalin gwamnati.

Ba duk kuɗi ke banki ba. Tun da bankin BDRN ya rushe a 1990, dattawa da yawa suka fi yarda da ɗan kasuwar unguwa. Sai ka tarar tsohuwa ta ba marigayi kuɗin Makkarta ajiya, ko wani manomi na Mirya ya bar kuɗin wakensa. Wannan amana ce, ba jari ba ce, ba gado ba ce. A yi shela a masallaci, mai ajiya ya zo da shaidarsa.

Haraji

Haraji, ko lanho in ka fi so, ba ya mutuwa don mai shago ya mutu. Abin da ake bin marigayi, daga dukiyarsa za a cire kafin a raba. In ba ku kai labari ba, takarda za ta ci gaba da fitowa da sunansa, tara tana hawa kan tara.

Nemi haruffa uku a takardunsa: N I F. Lambar da ke biye ita ce sunansa a wurin ma'aikatar haraji. Ƙaramin shago yakan biya haraji guda dunƙule na shekara, wanda har yanzu mutane ke ce wa fatanti. Babban ɗan kasuwa ko kamfani yana riƙe da littattafai, yana biyan harajin riba da na TVA. Ban da wannan akwai kuɗin kasuwa da na hayar rumfa. Kowanne da rasiɗinsa, kuma rasiɗin wannan ba ya biyan wancan.

Wakili ya ɗauki takardar mutuwa, da ta kotu, da lambar N I F, da rasiɗan da aka samu, ya tafi ofishin haraji na Damagaram. Ya ce a duba masa abin da aka biya da abin da ya rage, a rubuta masa. Ya tafi tare da abokin tarayya in zai yiwu, don harajin shago na su biyu ne, ko da sunan mutum guda ke kan takarda. Kada ka dogara da lambar bara. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya canza abin da ake biya. Duk abin da ka biya, ko dala ce, karɓi rasiɗi. A samansa za ka ga an rubuta Quittance ko Reçu. Duba suna, duba shekara, duba yawan kuɗi, duba hatimi, tun kana tsaye a wurin.

Kuma kada a ci gaba da ciniki da lambar mamaci. Na san ana yi, don gudun zirga-zirga. Amma duk kayan da aka shigo da su da lambar nan, da duk harajin da ya taru, kan magada zai dawo, har marayun da ba su san an yi ba. Haka ma rumfa. In sunan marigayi ke kan takardar haya, a je wurin masu kula da kasuwa a gyara.

Ranar lissafi

Yanzu takardu sun haɗu. A sa rana, a rufe shago, a ƙirga kaya gaban shaidu. A yi musu kuɗi da farashin sari na ranar, ba farashin da ake fatan sayarwa ba. Bari mu yi misali. Lambobin nawa ne, don koyo kawai.

A ce kayan shago sun kai 3.000.000 F. A banki akwai 1.200.000 F. Mutane suna riƙe da bashin shago na 400.000 F, wanda ake sa ran zai fito. Duka 4.600.000 F ke nan. Kada ka yi murna tukuna. Wani mai kaya a Kantin Kwari ta Kano yana bin shagon kuɗin da suka kai 900.000 F. Bashin Kano da naira yake, don haka a yarda da canjin ranar lissafi, a rubuta shi. Haraji kuma ya rage 100.000 F. Cire 1.000.000 F. Saura 3.600.000 F. In rabi da rabi suka yi, na marigayi 1.800.000 F ne.

Ka gani? Wanda ya leƙa shago ya ga kaya maƙil zai ce miliyoyi ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ko wannan ma ba a raba shi nan take. Malamai za su fara cire kuɗin jana'iza, da bashin da ke kan marigayi shi kansa, sannan wasiyya in ya bari, ita kuwa ba ta wuce sulusi. A ce waɗannan sun ci 200.000 F. Saura 1.600.000 F. A ce ya bar mata guda, da ƴaƴa maza 2, mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi. Matar tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas: 200.000 F. Saura 1.400.000 F. Namiji yana da rabon mace biyu, don haka kashi 7 za a yi, kowane kashi 200.000 F. Kowane ɗa namiji 400.000 F, kowace ɗiya 200.000 F. Ɗauki bik ka sake yin lissafin nan da kanka, ka ga ko na yi kuskure. Rabon naku na gaske kuwa, malamin da ya san ilimin gado shi zai yanke, don magaji guda ya ƙaru, lissafi duka ya canza.

In an kasa daidaitawa kan darajar kaya, a kira dattawan kasuwa masu sayar da irin kayan su yi kuɗi. In abin ya faskara, kotu tana naɗa masanin lissafi.

A zauna ko a fita?

Wannan shawarar magada ce, kowa da bakinsa. Abokin marigayi ba shi da ikon juya rabonku sai da yardarku. Ku ma ba ku da ikon tilasta masa ya zauna da ku. In ra'ayina kake so, ga shi: in za a cire rabon gaba ɗaya rana guda, shago yana iya durƙushewa, kowa ya yi asara. Gara a ba abokin lokaci ya biya kashi kashi, a rubuta ranaku da yawan kuɗi. Amma in za a bar kuɗin marayu cikin shago ana juyawa, to a rubuta nawa ne, wa ke riƙe da su, yaushe za a riƙa duba riba. Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani kan dukiyar maraya, ta kuma ce a kafa shaidu ranar da za a miƙa masa.

In kai za ka maye gurbin babanka, sabuwar tarayya ce, a yi mata sabuwar takarda. Jarin kowa, rabon riba, wanda zai sa hannu a banki, da abin da za a yi in ɗaya ya rasu. Notar yana yin irin wannan aiki. In kuɗinsa ya yi muku yawa, ko da Hausa ku rubuta, da boko ko da ajami, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Kada ka dangwala yatsa ko ka sa hannu kan farar takarda a ce za a cike daga baya. Kada ki sa hannu kan abin da ba a karanta miki ba har ƙarshe. In Faransanci ne, nemi wanda ba shi da rabo cikin maganar ya fassara.

Bayan an gama, takardun nan ba shara ba ne. Dokar OHADA ta ce a ajiye littattafan ciniki da rasiɗansu shekara 10. Sa su cikin leda, ka sa ledar cikin akwatin ƙarfe, ka ɗora akwatin kan dutse ko bulo saboda gara da ruwan damina. A bayan kowane ƙunshi rubuta shekararsa da manyan lambobi. Sannan ka nuna wa mutum guda cikin gidan inda ka ajiye mabuɗin.